Yadda Muka Shiga Nijar Ba Birki, Ni da Surukina

Tun da na dawo ban huta ba. A ɗakin malamai, a bakin kasuwa, har a ƙofar masallaci bayan an sallame, tambayar ɗaya ce: "Malam Sule, wai da gaske kun shiga Nijar ba ku tsaya ba?" Wasu har sun ƙara mata gishiri, wai mun take jandarma, wai na kwana uku a ɗaure. Ba a ɗaure ni ba, kuma ba mu take kowa ba sai butar shayi. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, mai son ji ya karanta ya ƙyale ni.

Motar dai duk Kazaure an san ta. Da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi bana, abokan aikina suka ruga Kano suka sayo babura da rediyo, ni kuwa na ce ƙafa huɗu nake so. Na sayi tsohuwar mota salun a hannun wani mai awon gyaɗa, shi ma a hannun wani Bature ya same ta tun kafin a ba mu mulkin kai. Ƙofarta ta baya da igiya ake ɗaure ta. Tana tashi lafiya lau, in an sami masu turi.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, don surukina na saye ta. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san dalili, Baba nake ce masa. Lokacin da na je neman auren 'yarsa Binta a Roni, an kawo mini labari cewa ya ce, "Malamin makaranta? Hannun da bai san komai ba sai alli." Ya ba ni ita, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa in cire takalmi in durƙusa in gaishe shi, yana amsawa yana kallon bango. Na san kunyar surukuta ce, haka kowa yake yi. Amma ni ina so, ko sau ɗaya ne, ya ga na yi masa wani amfani. To da Binta ta ce mini Baba yana son zuwa ganin yayarsa, Gwaggo Yalwa, wadda aure ya kai wani ƙauye kusa da Magarya, rabonsu da juna ya fi shekara ashirin, sai na yi farat na ce ni zan kai shi.

Ana gobe za mu tashi na kai motar wajen Oga Sande, bakaniken nan mutumin kudu da ke bayan tasha. Na ce masa birkin yana ɗan nutsewa. Ya shiga ya taka, ya fito ya share hannu.

"Malam, mota tsoho ne, birki ma tsoho ne," in ji shi. "Ka taka ɗaya, ka gaishe shi. Ka taka biyu, zai amsa."

Ya ba ni ɗan gwangwanin man birki ya ce in riƙa ƙarawa. Ban tambaye shi inda na cikin yake tafiya ba, shi ma bai ce ba.

Da hantsi na isa Roni. Na tarar da Baba a shirye cikin farar babbar riga, tare da amininsa Kawu Ɗanjuma, mutumin Gwiwa, mai surutu kamar rediyo, da kwandon zabi zai kai kasuwar Babura. Na ji daɗin ganinsa ƙwarai, don in ba shi ban san yadda ni da Baba za mu yi magana a hanya ba. Baba ya zagaya motar sau ɗaya a hankali, ya tsaya a kan tayar baya ta hagu ya daɗe yana kallo.

"Ɗanjuma," ya ce, "tambayi mai motar ko ya ga ƙafar nan ta jiƙe ta ciki."

Ina tsaye kusa da shi har ina jin ƙanshin turarensa, amma Kawu ya juyo ya ce, "Malam, wai ka ga ƙafar nan ta jiƙe?"

Na leƙa. Lallai akwai danshi. Na ce, "Kawu, ina jin kare ne."

"Ya ce kare ne."

Baba ya ce, "To." Ya shiga baya ya zauna, ya ciro carbi.

Daga Roni zuwa Kazaure gangaren duwatsu ne, kuma a nan gaisuwar da Oga Sande ya koya mini ta fara tsawo. Birkin da ke amsawa a taku biyu ya koma uku, ya koma huɗu. Kafin Achilafiya sai na yi biyar. In na hango jaki a nesa, tun yana ɗan mitsitsi nake fara takawa. Kawu da ke gaba ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, tuƙi kake ko ɗinki?" Na yi dariyar yaƙe na ce ai motocin Turawa haka suke. A Achilafiya na tsaya na ce zan duba ruwa, na buɗe boneti na ɓoye a bayansa na juye gwangwanin nan kaf.

Muka bar kwalta muka ɗauki burji. Mun isa Babura kasuwa ta cika, kuma ba ni na tsayar da motar ba, tulin yashin wani mai gini ne. Na fito ina gyara hula kamar da ma can na nufa. Baba da Kawu suka zauna a rumfa aka kawo musu dambu da fura. Ni kuwa, tun da ba a ci a gaban suruki, na ce na ƙoshi, na zagaya bayan wata bukka na tura ƙuli-ƙuli biyu a tsaye.

Man birki babu a garin, sai in motar Kano ta shigo. Amma masu shawara kam akwai. Kafin in rufe boneti mutum goma sun kewaye ni. Wani ya ce man gyaɗa, ai mai mai ne. Wani ya ce manja ya fi kauri. Wani mahauci ya ce shi a ganinsa baki ne ya kama motar, a yi mata turare. Daga ƙarshe wani mai gyaran keke ya ture kowa, ya ce direbobin manyan motoci garin sabulu suke damawa da ruwa, ya gani da idonsa. Ya dama, ya zuba. Na taka birki, na ji shi tauri kamar dutse. Wallahi har da ɗan fito na yi.

A nan Kawu ya ce shi ya iso, zabinsa sun sami mai saye, zai kwana wajen ɗan'uwansa. Shi ke nan, na rasa mai isar da magana tsakanina da Baba. Da za mu rabu Baba ya ce masa, "Gaya wa mai motar, ruwan sabulu yakan kai mutum mil biyar, in hanya ba ramuka."

Kawu ya dube ni, ya ga yadda nake washe baki, sai ya ce, "Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya."

Ku masu tambaya, na san abin da za ku ce. E, na ji maganar Baba da kunnena. Amma ba ni aka gaya wa ba, Kawu aka gaya wa, don haka na ɗauki wadda aka miƙo mini na ce amin. Kuma na ce a raina, me manomin gero ya sani game da mota? Na san ya je yaƙin Bama yana saurayi, amma ni a zatona kaya ya ɗauka.

Daga Babura zuwa iyaka ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar carbi da ta igiyar ƙofa. Hanyar kuwa ramuka ne zalla. Rana tsaka muka hango shingen wajenmu. An ɗaga sandar don wasu raƙuma sun wuce, ma'aikacin yana tsaye ya ɗaga mini hannu in tsaya. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa ba ta gamu da kowa ba. Na taka, na taka, na taka. Ta madubi na ga kumfa tana fita daga tayar baya, fara tas, kamar ana wanki. Na ja birkin hannu, ya biyo ni ba gardama, ashe wayarsa ta daɗe da tsinkewa.

"Malam! Malam!" in ji ma'aikacin. Da muka zo daidai shi ban san abin da zan yi ba, sai na ɗaga masa hannu na ce, "Sannu da aiki!"

Gaba gangare ne, a ƙarshensa ganga biyu da gora a gicciye, da tutar Nijar. Sai na ji murya daga baya, a natse, ba da kowa take ba: "Da ni ne mai motar nan, da na mayar da ita giya ta ɗaya."

Na danna giyar da ƙarfin tsiya. Motar ta yi gurnani ta rage gudu, amma ba ta fasa niyya ba. Muka karya gorar, muka bi ta kan wata butar shayi da ke kan garwashi, muka nutse a yashi a gindin wata bishiya, inda jandarmomi biyu ke kwance a gadajen zango.

Babban cikinsu, wani ƙaton Bazabarme da singileti da gajeren wando, ya buɗe ido ɗaya. Ya dubi gorar, ya dubi butar da ta koma faifai, ya dube ni.

"Mushe," ya ce, wato Malam a bakinsu, "haka ake shiga ƙasar mutane a wajenku?"

Na fara rantse-rantse. Ya ɗaga hannu.

"Yanzu lokacin hutu ne. Ku zauna can. Ƙarfe uku in kama ku."

Ya juya ya ci gaba da barcinsa. Wannan shi ne abu na farko da ya ba ni mamaki a ƙasar. A wajenmu sai a kama ka tukuna, a bar ka a rana, sannan a je a huta. Su kuwa daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku ko gwamna ne ya zo sai ya jira. Muka zauna a inuwa, Baba yana kallon gabas ina kallon yamma.

Ƙarfe uku daidai ya tashi ya sa kaki da hula, ya ɗaura bel, ya busa usur, ya kama mu. Da ya ji ni malami ne sai ya koma ce mini Mushe Lakwal, haka suke kiran makaranta. Hukuncinsa uku: in sake gora, in sake buta, kuma motar ba za ta motsa ba sai ta tsaya cak a kan layin da zai ja a ƙasa. In gobe ta kasa, motar ta zama baƙuwarsu, a nema wa tsoho jaki ya ƙarasa, ni kuma in koma gida da ƙafa.

Sai na hango kaina ina shiga Kazaure a ƙasa, ina gaya wa Binta na baro mahaifinta a kan jaki a ƙasar wasu.

Wani mai shayi ya ba mu masauki a zaurensa, tabarma ɗaya, don haka na bar wa Baba na kwana a mota. Da safe na ga karin kumallonsu: burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri har yana yanka dasashi, da kofi da madara a kwano, ba a kofi ba. Ana tsoma burodin a ciki sai ya yi laushi. Na ci nawa a tsugune bayan ganga. Wani direban babbar mota, kamiyo suke cewa, da ya fito daga Damagaram, ya ba ni rabin gwangwanin man birki na gaske, na ba shi goro. Na shige ƙarƙashin motar da sifana a hannu, na kwanta ina kallon ƙarafa, ban san ko ɗaya ba.

Can sai na ga ƙafafun Baba sun tsaya kusa da kaina. Na leƙo. Ya cire babbar rigarsa ya ninke ya rataye a reshe, daga shi sai 'yar shara da wando.

"Mushe jandarma," ya ce, "gaya masa ya fito. Shekara huɗu ina tuƙa motar soja har dajin Bama, kuma mu ke gyara abinmu."

Jandarman ya gaya mini. Na fito ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Gaya masa ya kawo jak ya kwance tayar nan."

Ya gaya mini.

"Gaya masa ya nemo ƙaramar ƙusa mai faɗin kai."

Jandarman ya ajiye kwanon kofinsa. "Tsoho, ni ma'aikacin gwamnati ne, ba ɗan aike ba. Ga shi nan gabanka." Ya ɗauki kujerarsa ya koma nesa.

Baba ya tsuguna. Sannan ya fuskanci tayar ya fara yi mata bayani, ni kuma ina saurare ta gefe. Birkin da ke nutsewa, in ji shi, ko ya sha iska ko yana yoyo, kuma mai hankali danshi yake bi. Ya zare murfin ƙarfen da ke bayan tayar, sai ga wata 'yar roba a tsage, komai ya jiƙe sharkaf. Nan man yake zuba tun Roni. "Kare kuma," ya ce wa tayar, "ba ya zagayawa ta ciki." Tun da babu sabuwar roba, ya kwance bututun da ke kai mai zuwa wannan ƙafar, ya cusa ƙusar ya toshe shi, ya ɗaure tam. Mota za ta tsaya da ƙafa uku. Muka zubar da ruwan sabulun, muka zuba man direban kamiyo.

Saura fitar da iska, kuma a nan tsiyar take. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki ya taka birki ya riƙe, ɗaya yana ƙasa ya buɗe wani ɗan noti iska ta fita, ya rufe, sannan na ciki ya saki. In na ciki ya saki kafin a rufe, iskar ta koma. Dole kowa ya ji muryar ɗan'uwansa. Wato ni in hau kujera in zauna, surukina yana kwance a turɓaya a ƙarƙashina. Na tsaya ina murza hannu. Da na ga ba makawa, sai na cire takalmina na ajiye a waje, na shiga na ɗosana a bakin kujera.

"A taka," in ji murya daga ƙasa.

Na taka.

"An riƙe?"

Na ce, "An riƙe," a hankali, yadda ake yi wa suruki magana. Bai ji ba. Na jira, na ji shiru, na ɗauka an gama, na saki. Ashe lokacin ya buɗe. Iska ta koma. Muka sake, aka kuma yin haka. Sau uku. Na leƙa gwangwanin, man da ya rage bai fi cokali huɗu ba.

Sai na ji wata tsawa daga ƙarƙashin motar, har jandarman ya miƙe tsaye ya ƙame.

"Kai! Ba ka da baki ne? Taka! Taka! Riƙe! Ka riƙe?"

"Na riƙe, Baba!"

"Ban ji ba!"

"Na riƙe!" Na faɗa da muryar da nake tara yara a filin makaranta.

"Saki! Taka kuma!"

Haka muka bi ƙafa uku muna yi wa juna ihu, masu raƙuma sun tsaya suna kallo. A ta ƙarshe ragowar kumfa ta yi tsartuwa ta wanke masa gemu. Na ji ya yi tsaki, sai kuma na ji wani sauti da ban taɓa ji ba a shekara goma sha ɗaya. Dariya yake yi. Ƙarƙashin ƙafata kuwa birki ya tsaya ƙyam tun a takun farko.

Ni na mayar da taya na ɗaure notuna, na fito baƙi ƙirin, kaftanina ya tashi daga aiki. Baba ya wanke fuska ya mayar da babbar rigarsa fes. Jandarman ya ja layi da dunduniya, ya ɗauko sabuwar butar da na saya ya ajiye a bayan layin, don a san da gaske yake. Na nufi ƙofar direba, Baba ya riga ni.

"A soja, wanda ya gyara shi ke gwadawa," ya ce.

Aka tura ta tashi. Ya ja baya, ya taho a guje har ƙura ta tashi, ya taka. Motar ta ɗan karkace ta tsaya, tsakaninta da layin bai fi taƙi ɗaya ba. Jandarman ya sara masa. Ni dai na tsaya ina jira ya fito, bai fito ba. Ya miƙa hannu ya buɗe mini ɗaya ƙofar, na shiga na zauna a gefe. Shi ya tuƙa har ƙauyen, yana ba da giya kamar jiya ya bari, yana wani ɗan waƙe-waƙe a maƙogwaro. Ni kuma ina ta lissafin yadda na zo in nuna amfanina na ƙare a ɗan rakiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Gwaggo Yalwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki. Ta rungume ƙaninta ta yi kuka, ta zage shi don ya yi furfura bai nemi izininta ba, ta kuma yin kuka. Ni ina can gefe a tsugune. Da aka natsa ta sa aka kawo tuwo a akushi ɗaya, sannan ta dube ni sama da ƙasa, da baƙin mai har gira.

"Wannan karen motarka ne?" ta ce. "Ina mijin Binta, malamin nan da aka aiko cewa shi zai kawo ka? Na sa an share masa ɗaki daban, kada ku takura wa juna."

Kafin in yi magana, Baba ya jawo akushin gabansa ya ɗaga murfi.

"Malamin mun baro shi a kan iyaka," ya ce. "Wannan yarona ne. Ƙafarsa tana da kyau, ba ya saki sai an ce ya saki." Sannan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido. "Sule, wanke hannu ka matso."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na wanke hannu na matsa. Tuwon gero ne da miyar kuka, gishiri ya yi mata yawa, kuma na cinye gabana har na shiga nasa.